Madina da Bahar Maliya

Duk alhajin da ya sauka a Madina, bayan Masallacin Annabi, abin da zai fara cika masa ido shi ne duwatsu. Ga Uhudu daga arewa, ga Airu daga kudu, ga kuma baƙaƙen duwatsun nan da Larabawa suke kira harra sun yi wa garin ƙawanya gabas da yamma. Babu kogi, babu tafki, balle a yi maganar teku. Birnin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 600 daga doron teku, kuma wanda ya ɗauki hanyar mota ya nufi Bahar Maliya sai ya ci fiye da kilomita 200 kafin ya isa garin Yanbu. Saboda haka, idan aka ce ƙaruwar ruwan teku ta shafi Madina, mai sauraro yana iya cewa an yi zuƙu. Yana kuwa da hujja, domin ko da dukkan ƙanƙarar duniya za ta narke, teku ba zai tashi fiye da mita 70 ba, kuma wannan ko kusa da gindin Uhudu bai zo ba.

Sai dai kuma ruwan da wannan alhaji ya yi wanka da shi a masauki, da wanda aka dafa masa shinkafa da shi, mafi yawansa daga teku ya fito. A bakin gaɓa aka tace shi, aka raba shi da gishiri, sannan aka turo shi cikin manyan bututu ya hau duwatsun Hijaz. Madina ba ta ganin teku, amma shi take sha.

Kalmomin ruwa a bakin Bahaushe

Ƙasar Hausa ba ta da teku, shi ya sa kalmominta na wannan fage yawanci na aro ne. Bahaushe yana da kogi da gulbi da rafi da ƙorama da tafki da kududdufi, kowanne da girmansa da halinsa. Amma da ya zo ga ruwan da ba a ganin ƙarshensa, sai ya ara. Masana harshe suna ganin kalmar teku daga Yarbanci ta shigo, daga lafazin da ke nufin bakin ruwa, wato ta hanyar fatake masu zuwa kurmi. Bahar kuwa Larabci ce, ta biyo malamai da mahajjata, kuma ana danganta Maliya da kalmar Larabci mai nufin abu mai gishiri. Ke nan hanya biyu ce ta kai Bahaushe ga teku: ta goro da ta hajji.

Akwai kalmomi uku da ɗalibi ya kamata ya rarrabe. Tumbatsa ita ce cikar abu har baki, kamar yadda randa ko tafki kan tumbatsa. Ambaliya ita ce ruwa ya ƙetare iyakarsa ya mamaye inda ba nasa ba. Zaizaya kuwa ita ce ruwa ya riƙa cin ƙasa kaɗan-kaɗan har ta ƙare. Masu watsa labarai da Hausa sukan ce tumbatsar teku idan suna nufin ƙaruwar tsayin ruwansa shekara bayan shekara, kuma da wannan ma'ana za a yi amfani da ita a nan.

Abin da ke sa teku tumbatsa

Tun daga lokacin da Turai ta fara ƙona kwal don tafiyar da injuna, sannan man fetur da gas suka biyo baya, iskar kabon ta riƙa taruwa a sararin sama. Kafin zamanin masana'antu akwai kimanin kashi 280 cikin miliyan na wannan iska a sama. Yanzu ta haura kashi 420. Halinta shi ne ta bar zafin rana ya shigo, ta hana wani ɓangarensa komawa. Wannan shi ake kira ɗumamar yanayi. Shekarar 2024 ita ce ta farko da matsakaicin zafin duniya na shekara guda cur ya zarce na kafin masana'antu da fiye da digiri ɗaya da rabi.

Ta hanya biyu wannan zafi yake ƙara wa teku tsayi. Ta farko, ruwa idan ya ɗumama yakan buɗe, ya nemi ƙarin wuri. Duk matar da ta cika tukunya maƙil ta ɗora a murhu ta san haka, don tun kafin ruwan ya tafasa zai fara zuba. Teku kuwa shi ya shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da duniya ta tara. Ta biyu, ƙanƙarar da ke jibge bisa ƙasa, a Girinlan da Antatika da kan manyan duwatsu, tana narkewa tana gangarowa cikin teku. Ta Girinlan kaɗai, da za ta narke duka, ta isa ta ɗaga tekun duniya da mita 7.

Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, a rahotonsa na 2021, ya bayyana cewa daga 1901 zuwa 2018 teku ya tashi da kimanin santimita 20, wato kusan taƙi guda. Wanda ya ji haka zai iya yin dariya. Abin dubawa shi ne saurin. Daga 1901 zuwa 1971 ƙarin bai wuce milimita 1.3 a shekara ba. Daga 2006 zuwa 2018 ya kai milimita 3.7 a shekara, kusan ninki uku ke nan. Kwamitin ya yi hasashen cewa zuwa 2100, idan an rage hayaƙi ƙwarai, tekun zai ƙaru da santimita 28 zuwa 55; idan kuwa hayaƙin ya ci gaba da hauhawa, ƙarin zai iya kaiwa santimita 63 zuwa mita ɗaya. Ko da an daina hayaƙi yau, ƙarin ba zai tsaya nan take ba, domin zurfin teku yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ya gama karɓar zafin da aka riga aka tara. Da yayyafi kogi kan cika, in ji Hausawa.

Halin Bahar Maliya

Bahar Maliya dogon teku ne siriri, tsawonsa ya fi kilomita 2,000, faɗinsa kuwa inda ya fi faɗi bai wuce kilomita 355 ba. Ba wani kogi mai gudu rani da damina da ke zuba a cikinsa, ga rana tana ƙafar da kusan mita biyu na ruwansa a kowace shekara. Shi ya sa ya fi yawancin tekuna gishiri: kowace lita tana ɗauke da kimanin giram 40, alhali a sauran tekuna giram 35 ne. Abin da rana ta sha, ta mashigin Babul Mandab da ke kudu ake mayar masa daga tekun Indiya. Wannan mashigi shi ne maƙogwaronsa, kuma ta nan duk ƙarin da tekun duniya ya samu yake shigowa. Ƙanƙarar da ta narke a Antatika tana da hanyar zuwa Yanbu.

Akwai wani abu da ya sa mutanen wannan gaɓa suka saki jiki da teku. A wurare da yawa na duniya, teku yakan cika ya janye da mita biyu ko uku a kullum, don haka mutane suka saba yin gini nesa da ruwa ko bisa tudu. A tsakiyar Bahar Maliya, wajen Jidda, cika da janyewar ta kullum 'yar kaɗan ce. Canjin da ya fi girma na shekara ne: da hunturu iska takan turo ruwa ciki, tekun ya fi na bazara tsayi da kusan rabin mita. Ga kuma duwatsun murjani da suka yi shinge a gaban gaɓa suna karya ƙarfin igiyar ruwa. Teku mai ladabi irin wannan, sai aka matso masa, aka yi tituna da tashoshi da masana'antu dab da bakinsa, a wasu wuraren ma aka cike ruwa da ƙasa aka yi gini a kai. Filin da ke tsakanin teku da duwatsu, wanda ake kira Tihama, shimfiɗaɗɗe ne, kuma yana da wurare masu ƙasar gishiri da Larabawa suke kira sabkha, waɗanda da ƙyar suka ɗara doron teku. A irin wannan ƙasa, ƙarin rabin mita a tsaye yana iya zama tafiya mai nisa a kwance.

Ƙofar Madina

Dogaron Madina ga teku ba yau ya fara ba. A farkon Musulunci tashar jiragen ruwanta ita ce Aljar, wadda kufanta ke kusa da garin Rayis na yanzu, ba nisa da Badar. Bayan farin nan mai tsanani na shekara ta 18 bayan Hijira, wanda ake kira Shekarar Toka, da kuma bayan buɗe Masar, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya sa Amru ɗan Asi ya sake haƙe tsohuwar hanyar ruwa da ta haɗa kogin Nilu da Bahar Maliya. Ta nan jirage suka riƙa ɗauko alkamar Masar suna saukewa a Aljar, raƙuma su ƙarasa da ita Madina. Daga baya Aljar ta mutu, Yanbu ta gaje ta.

A wancan zamani abinci ake kawowa ta teku. Ruwan sha kuwa garin yana da nasa. Akwai rijiyoyi, irin su rijiyar Ruma da Usman ɗan Affan ya saya ya yi waƙafinta ga jama'a. Akwai kuma Ainuz Zarƙa, magudanar ƙarƙashin ƙasa da aka janyo daga wajen Ƙuba a zamanin Mu'awiya, wadda ta shayar da Madina fiye da shekara dubu. Amma garin da ruwan samansa na shekara bai kai milimita 100 ba, rijiya tana da iyakar mutanen da za ta ɗauka. Ƙidayar 2022 ta nuna mazauna birnin sun kai kimanin miliyan 1.4, ban da miliyoyin baƙi masu ziyara. Nijeriya kaɗai an ba ta kujerar hajji 95,000 a 2023, kuma da wuya a sami alhajin da zai koma gida bai je Madina ba.

A 1975 gwamnatin Saudiyya ta kafa hukuma ta musamman don mayar da Jubail da Yanbu biranen masana'antu. Aka shimfiɗa bututun mai na kilomita 1,200 daga gabashin ƙasar zuwa Yanbu, aka gina matatun mai da tashoshin lantarki. A farkon shekarun 1980 ruwan da aka tace a Yanbu ya fara isa Madina. Tun daga nan ake ta faɗaɗa aikin. Kashi na uku na matatar Yanbu kaɗai an tsara shi ya riƙa fitar da lita miliyan 550 a kullum.

To, matatar ruwan teku ba ta da zaɓin wurin zama. Dole ta tsuguna a bakin ruwa, domin ta nan take zuƙo shi, ta nan kuma take mayar da ragowar mai kaurin gishiri. Bakin bututun zuƙa, da ɗakunan famfo, da tashar lantarkin da ke ba su wuta, duk an gina su ne bisa lissafin tsayin teku na lokacin da aka zana su. Ba wanda yake cewa teku zai haɗiye Yanbu dare ɗaya. Hatsarin ya fi haka sanɗa. Guguwar da a da ruwanta ke tsayawa ƙasa da bango da taƙi biyu, idan teku ya ƙaru da taƙi biyu, sai ta sami kan bangon. Ambaliyar da ake sa ran gani sau ɗaya a shekara ɗari sai ta koma ta kusan kowace shekara. Rahoton 2021 ya ce haka za ta kasance a fiye da rabin wuraren da ake auna teku kafin ƙarshen wannan ƙarni. Ruwan gishiri kuma yana kutsawa ta ƙarƙashin ƙasa, ya ci ƙarfen da ke cikin kankare. Har ila yau, ɗumin ruwa yana iya taimaka wa gansakukar teku ta yi yawa ta toshe matata, kamar yadda ya faru a gaɓar Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2008 zuwa 2009, inda sai da aka rufe wasu matatun na ɗan lokaci. Idan famfon Yanbu ya tsaya, Madina tana da manyan tankunan ajiya, amma tanki ba rijiya ba ne: abin da aka zuba masa kaɗai yake bayarwa.

A nan akwai wani ƙulli mai wuyar kwancewa. Tace ruwan teku da tura shi sama mita ɗaruruwa aiki ne mai cin wuta ƙwarai, wutar kuwa yawancinta daga mai da gas take. Ke nan injin da ke shayar da Madina yana cikin masu ƙara hayaƙin da ke ɗaga tekun da yake zaune a bakinsa.

Darasin Jidda

Wanda yake son ganin yadda ruwa ke yi wa birnin gaɓa a wannan yanki, Jidda zai duba. Ita ce ƙofar Makka tun zamanin Halifa Usman, kuma Hausawa sun san ta tun kafin jirgin sama. Mahajjatan da suka riƙa tafiya a ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur, sukan shekara suna noma da ƙwadago a hanya kafin su isa Sawakin ko Bur Sudan su ƙetare a jirgin ruwa. Ayarin ya ƙaru bayan 1903, shekarar da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi. Da yawa ba su koma ba. Jikokinsu suna nan a Jidda da Makka da Madina, wasu da laƙabin Hausawi, wasu Fallata ko Barnawi, ga kuma waɗanda suka zo daga baya da ake kira takari.

Ranar 25 ga Nuwamba, 2009, wadda ta zo daidai da 8 ga Zulhajji, alhazai suna fita Mina, aka yi ruwa a Jidda fiye da milimita 70 cikin kimanin awa huɗu. A Kano wannan ruwan yini ɗaya ne na watan Agusta; a Jidda ya fi na shekara guda. Ruwan ya gangaro daga duwatsun gabas ta kwarurukan da ya saba bi, ya tarar an cika su da gidaje. Unguwar Ƙuwaiza da maƙwabtanta suka fi jin jiki. Ruwa ya tara motoci bisa juna kamar kara, kuma fiye da mutum 120 suka rasu. Sarki Abdullah ya sa aka yi bincike, ya kuma ba da umarnin a biya iyalan kowane mamaci riyal miliyan ɗaya. A watan Janairu na 2011 aka sake yin wata ambaliyar, mutum goma suka mutu. Daga nan aka gina madatsun ruwa a bakin kwarurukan, aka haƙa manyan magudanu zuwa teku. Ranar 24 ga Nuwamba, 2022, aka yi ruwan da ya ninka na 2009 fiye da sau biyu, milimita 179 cikin awa shida a kudancin birnin. Tituna sun cika, an rufe hanyar Makka na ɗan lokaci, amma mutum biyu aka ba da rahoton rasuwarsu.

Gaskiya ɗaya ce a nan: ba teku ne ya ci Ƙuwaiza ba, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa sauyin yanayi laifin wanda ya raba filaye a hanyar ruwa. Bambancin da ke tsakanin 2009 da 2022 ya nuna cewa aikin hannun mutum, mai kyau da maras kyau, ya fi yawan ruwan tasiri. Amma teku yana da hannu ta wata fuska. Magudana ba ta aiki sai da gangara, kuma ƙarshen kowace magudanar Jidda teku ne. Duk santimitar da teku ya ƙara, an rage wa magudanar gangara ke nan. Ruwan Jidda kuma da hunturu yake zuwa, daidai lokacin da Bahar Maliya ya fi cika. Bugu da ƙari, iska mai ɗumi ta fi ɗaukar laima: kowane ƙarin digiri ɗaya yana ba ta damar riƙe kimanin kashi 7 cikin 100 fiye da da. Sai birni ya shiga tsaka mai wuya, ruwan sama daga gabas, teku daga yamma. Tsohon garin Jidda, wanda aka gina gidajensa da dutsen murjani, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ya daɗe yana fama da laimar gishiri da ke tasowa daga ƙasa tana cin gindin bango.

Ita ma Madina tana da nata kwarurukan: Aƙiƙ da Buɗhan da Ƙanat. Sukan shekara a bushe, sannan rana ɗaya su cika su kawo, kamar yadda aka gani a lardin a ƙarshen Afrilu na 2024, lokacin da ruwa ya ja motoci. Ukun suna haɗuwa a arewacin birni, su zuba cikin babban kwarin Hamd, shi kuma ya nufi Bahar Maliya kudu da garin Wajh.

Abin da ake yi

A watan Oktoba na 2021 Saudiyya ta yi alkawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai fi wanda take kamewa ba. Wannan lissafi bai haɗa da man da take sayar wa ƙasashen waje ba, shi ne kuwa mafi yawa. Ta kuma ƙudiri dasa itatuwa miliyan 100 na irin waɗanda ke tsirowa cikin ruwan gishiri, da Larabawa suke kira shura ko ƙurm, kafin 2030. Saiwoyinsu suna riƙe laka, suna rage ƙarfin igiya. Suna da amfani, amma ba za su tsare tashar lantarki ba. Wannan sai an ɗaga bango, an ɗaga ɗakin famfo, kuma duk injiniyan da zai zana sabuwar matata sai ya yi lissafi da tekun shekara hamsin masu zuwa, ba na ranar da ya ɗauki awo ba.

Hanyar tacewar ma tana canzawa. Tsofaffin matatu tafasa ruwa suke yi su kama tururinsa. Sababbi kuwa matsa ruwan suke yi da ƙarfi ya ratsa ta wata tankaɗe mai ƙananan ƙofofi da gishiri ba ya iya wucewa, kuma wannan ya fi sauƙin cin wuta nesa ba kusa ba. Ɗaya daga cikin irin waɗannan, mai ƙarfin lita miliyan 450 a kullum, wadda wani ɓangaren wutarta daga hasken rana yake, an gina ta ne domin Makka da Madina. Wurin da aka zaɓa mata shi ne Rayis, kusa da kufan Aljar, inda jiragen alkamar Masar suka riƙa sauke kaya a zamanin Umar.